Ranar Da Manhaja Ta Yi Shara

In ana batun haɗa waƙa, kowa ya ja gefe ya ba Farfesa Kunnen Zinariya hanya. Ba jami'a ce ta ba shi farfesan ba. Shi ne ya dubi madubi wata safiya ya ga ya cancanta. Sutudiyonsa ɗaki ne ƙwaya ɗaya a bayan shagon aski, bango manne da kwalin ƙwai, taga toshe da tsohuwar katifa, amma a jikin ƙofa an rubuta "Hedikwata". A cikin duhun nan yake zama da baƙin tabarau. Ya ce haske yana rage masa ji.

Ga shi da kyauta. Duk wanda ya kawo waƙa, sai Farfesa ya ɗora masa muryarsa a kan amshi, ba tare da an roƙe shi ba. Muryar kuwa, in ya ja ta sama, mai aski yakan ɗaga reza daga kan mutum har sai ta wuce. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa hannunsa. Shekara biyu tana tsara waƙa ɗaya tal, ta yabon mahaifiyarta, za ta shigar da ita gasar gidan rediyo. Sau uku tana cewa, "Farfesa, don Allah a bar amshin da muryata kaɗai." Sau uku yana amsawa, "Ƙanwata, ke allura kika sani. Ni ina koya miki allura?"

Ranar da za a rufe karɓar waƙoƙi, ta zo da hantsi tare da yayanta, direban bas, ko ganin ƙato zai sa a saurare ta. Suka tarar da Farfesa ya sake tabarau. Manhajar da yake haɗa waƙa da ita ta samu sabuntawa, shi kuma yana ta kumbura kamar shi ya ƙera ta.

"Ku zauna ku ga ilimi," in ji shi. "Duk abin da suka ƙara a nan, ni na fara tunaninsa. Ga sababbin ganguna ɗari biyu. Ga wurin miƙe muryar da ta karkace, wannan don irinku ne. Wannan maɓallin kuma shi ne uban tafiya, mai share hayaniya. Yana da kunne irin nawa. Duk sautin da ba waƙa ba, zai tsince shi ya zubar. Abu mai daraja kuwa ko taɓa shi ba ya yi."

Ganga in ta cika zaƙi, fashewa take shirin yi. Farfesa ya hura ɗan yatsansa, ya danna, ya harɗe ƙafa.

Waƙa ta taso. Gurnanin fanka ya tafi. Babur ɗin da ya wuce a baiti na biyu ya tafi. Da aka zo amshi, Farfesa ya lumshe ido ya ɗaga hannu don ya tarbi kansa. Shiru. Sai muryar ma'aikaciyar jinya ita kaɗai, fes, tana kiran uwarta. Direban bas ya juya baya yana goge ido da hularsa.

"Kuskure ne!" Farfesa ya zabura. Ya shiga laluben maɓallin komawa baya, amma sabuntawa ta sauya masa mazauni. Ya danna nan, ganguna suka ɓarke. Ya danna can, allo ya koma shuɗi. A ƙarshe dai ya cire tabarau.

"Kar ka taɓa komai, Farfesa," ta ce, tana miƙa masa wayarta. "Tura min a haka. Wallahi ba ka taɓa aiki mai kyau irin na yau ba."

Yana cikin turawa, rai a jagule, sai manhaja ta fito da jerin abin da ta share. Direba ya matso ya karanta da ƙarfi, kamar mai kiran fasinja: "Fanka. Babur. Injin aski. Kukan akuya, sau goma sha ɗaya."

Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya leƙa bayan katifa, sannan ya ɗago da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ina kuke ɗaure ta?"