Yadda Hukuma Ta Ceto Kawuna

Jama'a, hukuma ta ceto kawuna daga bautar da yara, kuma har yau gidanmu bai gama farfaɗowa daga wannan alheri ba.

Na kai masa abincin rana ke nan a gidan bulon da yake aiki, sai ga motoci masu baƙin gilashi sun shigo a jere da jiniya. Mutane masu sheƙin takalmi suka sauko. Na gabansu yana rungume da wata sanda mai fentin fari, da jan layi a jikinta, ya riƙe ta kamar jariri.

Ashe ga yadda abin yake. Masu Girma Iyayen Marayu, wato manyan hukuma, sun hana sa yara aiki, Allah ya saka musu. To amma a unguwarmu ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Sai suka kulle kansu a otal suna taro, suka ci, suka sha, suka fito da hikima: duk wanda kansa bai kai jan layin sanda ba, yaro ne. Mai shayin layinmu ya rantse mini cewa daga ƙasar waje aka yo odar sandunan, har da kwamitin da ya je rako su. Na ce ba ga itace nan ko'ina ba? Ya ce, "Ke ma dai, itacenmu ya yi makaranta ne?"

Kawu, ƙanen mahaifiyata, gajere ne. Ba raini ba, haka Allah ya yi shi. Yana da sanƙo, da furfura a gashin baki, da mata da 'ya'ya. Ƙanena Auta kuwa, wanda ke zuba wa bulo ruwa a wurin, ko famfara bai gama ba, amma ya miƙe kamar turken lantarki.

Mai Sanda ya nuna Kawu. "Kai yaro, matso nan."

Kawu ya waiwaya yana neman yaron.

"Da kai nake."

Aka tsayar da shi jikin sanda. Saura kaɗan, amma bai kai ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "dubi furfurata fa."

"Umarni bai ambaci furfura ba," in ji Mai Sanda. Ya juya ga 'yan rakiyarsa, murya tana rawa. "Ku dubi yadda aikin wahala ya tsofar da yaron nan."

Wata a cikinsu ta share hawaye. Mai ɗaukar hoto ya roƙe ta ta sake, don rana ta haske masa.

Shi kuwa Auta da gudu ya zo ya manna bayansa da sandar. Yaron nan ya daɗe yana leƙen 'yan makaranta ta katanga, har waƙoƙinsu ya haddace. Da ya ga kansa ya zarce layi, sai ya lanƙwasa gwiwa a hankali. Aka gan shi.

"Kai ƙato, ba ka jin kunya? Koma bakin aikinka!"

Haka aka rataya wa Kawu jaka, aka ba shi biskit, aka sa shi a mota zuwa makaranta, aka ja wa mai gidan bulo kunne cewa in aka sake ganin yaron nan a wurin za a rufe.

Kada ku ce ina ƙin dokar. Ni ma a wannan gidan bulon na bar karatuna, kuma har yanzu wuyana yakan tuna mini da bokitin. Tun da aka kwashe yaran, samarin da ke zaman banza a bakin titi sun sami aiki. Bulo ya yi tsada, gaskiya ne, amma wanda ke da halin gini bai mutu ba. Abin da ya dame mu shi ne, hannun Kawu ke ciyar da gidansa da rabin namu. Tallafin da aka ce za a ba iyalan waɗanda aka ceto kuwa yana tafe. Tun ranar yake tafe. Wataƙila a ƙafa ya taho.

Inna ta ce in je ofis in yi bayani, tunda ni ce mai ɗan boko. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Na yini a benci, masinja yana ce mini shugaban ofishin yana taron murnar nasara. Da na samu shiga, yatsun ƙafata na yi wa bayanin, shi kuma ya tsinci abin da ya tsinta.

"'Yan mata," ya ce, "sandar nan ba ta karɓar cin hanci, ba ta da dangi, ba ta da jam'iyya. Me kuma kuke so?"

Na ce na gode. Sai da na kai bakin titi amsoshi masu zafi suka yi ta zuwa mini, na faɗa wa wata akuya biyu daga ciki.

Daga nan na wuce makaranta. Na hango Kawu ta taga, zaune a benci tsakanin yara, ya harɗe hannu. Abin da ya fi ƙona masa rai, bencin ya yi masa daidai. Malamar ajin ta fito, tun kafin in gama inda-inda ta kama hannuna.

"Ke ce 'yar uwarsa? Don Allah ku zo ku ɗauke shi. Ina koyarwa yana ƙwanƙwasa bango, wai bulon bai ji siminti ba. Jiya ya tara yara yana nuna musu inda ginin zai fara tsagewa. Yanzu ba mai yarda ya zauna ta wajen."

Na ce, "Malama, akwai ƙanena."

"Yana ƙwanƙwasa bango?"

"A'a."

"Kawo shi. Mutum ɗaya aka ƙaro mini, mutum ɗaya masu dubawa za su tarar. Amma sunan da aka aiko da shi, shi zan riƙa kira."

To, yanzu kullum da safe Auta ke rataya jakar, gwiwoyinsa suna dukan teburi, a kira sunan Kawu ya amsa da ƙarfi. Kawu ya koma aiki da takalmi mai tudu da doguwar hula. In aka ji jiniya, sai a yi fito, ya faɗa tankin ruwa har su wuce. Ranar nan motar asibiti ce, ya jiƙe a banza.

Malama ta aiko cewa mai sunan ya fi kowa lissafi a ajin. Kawu ya bi layi gida gida yana ba da labari. "Ashe kai gare ni," yake cewa, "dama ce ban samu ba." Matarsa ta ce in haka ne ya fara da lissafin cefane.

Mai shayi ya ce ya ji ƙishin-ƙishin Masu Girma za su kawo sikeli don tantance tsofaffin da suka cancanci taimako. Inna ta rasa ko ta ƙara cin abinci ko ta rage.