Kwandon da Ya Juyo

Ranar da samarin Faskari suka kakkafa kwanduna a filin shaƙatawa, wai wasan jefa faifan roba cikin kwando, cewa na yi kowa ya matsa. Ni da mangwaro ke faɗowa da kanshi in ya ga na ɗauki dutse!

Na hango wani kwando saitin katanga, na auna, na saki. Tsaf faifan ya faɗa ciki. Ina cikin kirari sai kwandon ya juyo. Ashe bisa kan surukata yake tana wucewa ta bayan katangar, cike da ƙwai.

Na durƙusa. Ta share ruwan ƙwai daga goshi ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Har yau in na shiga kasuwa, masu ƙwai sai su hau kira: "A rufe kaya, ga gwani nan!"