Rasuwar Farar Rauta ta Kan Firjin Hajiya Insaf

Cikin baƙin ciki mai nauyi, da tashin zuciya da ya kusa rinjayar baƙin cikin, Wagih Abdulbari, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Kuwait, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na Mansura a Masar da na ƙetare, rasuwar rautarsa, farar nan mai ƙaho biyu da ta yi shekaru a kan firjin mahaifiyarsa Hajiya Insaf tana raba wa gidan intanet. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya da wulaƙanci iri-iri daga hannun mutanen da suka fi kowa cin moriyarta.

Marigayiya ta shigo gidan ne a hutun Wagih na ƙarshe, bayan Hajiya ta zame a barandar da ke tsakanin ɗakinta da kicin, ta kwanta a nan har ƙanwarsa Nagat ta zo ta tarar da ita. Kowa ya san halin Hajiya a waya. Ko gidan na ci da wuta, abin da za ta ce shi ne, "Lafiya lau, ɗana, kai dai ka ci abinci." Shi ya sa Wagih ya kafa kyamara a barandar, ya zauna dirshan a ƙasan kicin, ya ɗora wa marigayiya amanar da ta riƙe har ƙarshen hankalinta.

Wanda bai san aikinta ba zai ɗauka akwati ce kawai mai ƙyafta fitilu. A'a. Rauta mai gadin gida ce, tana da ƙofofi dubbai, kowace da lambarta, kuma duk a kulle suke ga wanda ke waje. Wagih ya buɗe guda ɗaya tak, ya ce mata duk wanda ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa da mabuɗinsa, ta wuce da shi kai tsaye wurin kyamara. Daga ranar ba ta taɓa kai shi wani wuri ba. Kullum lokacin hutun shayin safe, yakan raɓe a inuwar bango da hannu duk baƙin mai, ya buɗe waya, ya ga uwarsa ta fito daga kicin riƙe da butar shayi, cikin shuɗiyar rigarta, tsaye kyam, ta wuce ɗaki. Wani lokaci har ta ɗaga wa kyamarar hannu ba tare da ta dube ta ba. In ya ga wannan sai ya iya haɗiyar shayinsa, ya koma kan tsani.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Sau nawa aka ɗauke wuta da tsakar bazara, ta farfaɗo da kanta, ta yi 'yar ƙararta ƙas, fitilunta suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya? Sau nawa kamfanin waya ya canza wa gidan adireshin intanet ba sallama, ta nemo sabon ta aika wa maigidanta? Ba ta da surutu. Iyakarta wani siririn ziii da ba ka ji sai kicin ya yi tsit. Hajiya ta rufa mata ƙyalle saƙin hannu kamar yadda ta rufa wa talabijin da keken ɗinki, ya toshe mata duk kafofin shan iska, ba ta ce uffan ba. Da Hajiya ta gano bayanta na da ɗumi daidai misali, sai ta mai da shi wurin ɗora kwanon madara don ya zama kindirmo. Nan ma ta jure. Maƙwabta sun yaba kindirmon, ba wanda ya yaba wadda ta dafa shi.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya, wadda yanzu ke kallon baranda ba mai karɓar labarinta. Ta bar talabijin da wayar Nagat. Ta bar wayoyi biyu na Shahata, mijin Nagat, wanda kan zo cin abincin Juma'a ya sauke bidiyon ƙwallon mako guda ya tafi da shi a aljihu. Ta bar iyalin hawa na biyu, waɗanda Hajiya ta ba su kalmar sirri sadaka, su kuma suka raba wa surukansu. Ta kuma bar wasu magada da ba a san da su ba sai bayan rasuwarta, za a zo kan maganarsu, amma mai cin abinci ya ajiye cokali tukuna.

Ciwon ya fara ne da ɗan abu. Wata rana wuta ta dawo, marigayiya ta rikita lambobin 'yan gida, ta ba kyamara sabuwa, ƙofar da aka buɗe ta koma tana kai mutum wurin talabijin. Abin gyaran minti kaɗan ne ga mai hankali. Kaico, Shahata ne a gidan.

"Ga shi nan yana aiki, Injiniya," in ji Shahata a waya, baki cike. "Ina ganin baranda tas, har da takalmina."

"Kana cikin gidan ne, Shahata. Daga ciki kowa na gani. Ka sauka daga intanet ɗin gida, ka gwada da layinka, mu ga ko na waje zai shiga."

"To ni me zai kai ni waje, ga ni a ciki?"

Wagih ya roƙe shi, don girman Allah, kada ya taɓa komai, ya jira ya tashi daga aiki. Shahata ya ce ba komai, shi ma ai ya san kan waɗannan abubuwa. Nagat ce shaida kan abin da ya biyo baya, kuma ta rantse. Mutumin nan ya gama cin tantabara, ya kishingiɗa yana sakace, sai ya miƙe, ya zare tsinken daga bakinsa, da ɗan guntun nama a bakin tsinken, ya jirkita marigayiya, ya cusa mata shi a ƙaramin ramin nan na baya, ya danne. Fitilu suka ɗauke gaba ɗaya. Ya mai da tsinken bakinsa. Tir da wannan hannu, tir da wannan tsinke.

"Na wartsakar maka da ita," ya ce wa Wagih da yamma. "Haka ake yi musu."

Ta farka, amma ba ita ba ce. Ta manta sunan da aka raɗa mata, ta koma amsa na masana'anta. Ta manta kalmar sirri, ta manta kyamara, ta manta ƙofa, ta manta Wagih. Kuma ga inda gizo ke saƙar: wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai daga cikin gida. Mutumin da ya san yadda ake buɗe ta yana Kuwait, waɗanda ke cikin gidan kuwa Shahata ne da matarsa.

An yi jinya iya ƙoƙari. Nagat ta riƙa haska masa allon kwamfuta da waya, yana cewa ta danna na hagu tana danna na dama, yana cewa lambar ciki tana rubuta ta waje. An buɗe ƙofar, ba ta buɗu ba. An kashe katangar tsaro, an kunna. An kira kamfani, wata murya mai sanyi ta ce a kashe a kunna. An sake kira, wata muryar ta ce a kashe a kunna. A kira na ƙarshe ne wani ya furta, kamar yana ba da labarin yanayi, cewa ai tuni sun haɗa unguwar kaf a bayan adireshi ɗaya, don haka ko an buɗe ƙofa, na waje ba zai gane gidan ba, sai mai layin ya zo ofis da kansa. Duk tsawon wannan lokaci Wagih bai sa uwarsa a ido ba. Shayin safe ya daina yi masa daɗi. In ya kira, lafiya lau, ɗana, kai dai ka ci abinci.

Ranar Talata kwanon madara ya kife a kan marigayiya. Ta yi wata ƙara tsss, ta saki ɗan hayaƙi mai ƙauri, ta ce ga garinku nan.

Nagat ta kai gawar shagon Usta Rifa'at mai gyaran waya, ko da sauran numfashi. Usta Rifa'at mutum ne da ya buɗe wayoyin da suka faɗa masai bai yamutsa fuska ba. Da ya ɗaga murfin marigayiya, sai ya ja rigarsa ya toshe hanci, ya ja da baya har ya ture kujera. Kyankyasai ne, jama'a. Ba ɗaya ba, ba goma ba, zuri'a guda, kakanni da jikoki, wasu a raye suna gudu kan teburinsa, wasu sun bushe sun manne da wayoyi, ga ƙwayayensu jere a lungu kamar an shanya wake. Ƙarƙashinsu wani danƙo ne ruwan ƙasa, tsohuwar madara da maiƙon suyar kifi na shekaru, ya yi tsami, ya yi gashi. Ashe duk safiyar da Wagih ya ga fuskar uwarsa, ta cikin wannan ƙazanta hoton ya biyo.

"Madam, ɗauke min ita daga nan," in ji Usta Rifa'at. "Ba na son ko sisi. Ki dai ɗauke."

Nagat ta tura wa yayanta hoton yana tsakiyar cin wake da burodi. Har yau bai sake kallon wake ba.

Ya kira ta yana huci. Ya zagi tsinke, ya zagi kamfani, ya zagi kyankyasai har kakanninsu. Daga nan ya zo kan tambayar da ke cinsa. Wa ya kifar da madarar? Shi dai tunda ya yi wayo bai taɓa ganin ɗigo ya zuba daga hannun Mama ba. In Shahata ne a faɗa masa.

Nagat ta ce, "Yaya, kai akwati kake wa kuka? Mama ce. Hannunta na dama ba ya riƙe komai tun sanyin bara. Da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu take tafiya."

"Wane ƙarfe? Kullum ina ganinta. Tsaye take wucewa, da buta a hannu."

"Butar ba komai a ciki. Ƙarfen kuma a bakin kicin take jingine shi, inda kyamararka ba ta kaiwa. Ta san lokacin shayinka. Sai ta sa shuɗiyar riga, ta cije, ta ratsa barandar, in ta shiga ɗaki ta faɗi kan gado tana haki har azahar. Ta sa na rantse ba zan gaya maka ba, wai kada ka bar aikinka."

Wagih yana jin motsi, sai muryar Hajiya ta shigo wayar, ba ko alamar kunya.

"Wagih, ka daina yi wa yarinya ihu. Akwatin nan taka, tunda ta rikice nake barcina har hantsi. Ta hutar da ni."

Wagih yana so a sani cewa ya ji ƙyamar tsinken Shahata, ya ji ƙyamar abin da aka tarar a cikin marigayiya, amma ba wadda ta kai wadda ya ji a kan kansa da ya kashe wayar. Shekara huɗu yana leƙen tsohuwa ta rami, tun bara kuma yana sa ta fareti da ƙafar da ba ta ɗaukarta, yana komawa kan tsani da zuciya fes wai shi ɗa nagari. Marigayiya ba ta da laifi a wannan. Abin da aka nuna mata shi ta kai.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gawar tana barandar waje cikin leda biyu, an ɗaure, an fesa mata magani, kuma ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce zai buɗe don ganin ƙarshe. Ba za a yi wanka ba, Usta Rifa'at ya ce ba ruwan da zai iya. Za a miƙa ta ga mai amalanken jaki da ke bin layi yana sayen tarkace, ranar Asabar da safe, in ya yarda ya karɓa. Za a karɓi gaisuwa a gidan Hajiya, hawa na huɗu, kuma kowa ya zo da intanet ɗinsa, don ba za a sayi wata ba. Masu niyyar kawo kindirmo su bari, an gode.

Mai makoki zai sauka Alkahira ranar Alhamis, ya hau motar Mansura. Maigidansa ya ce in ya wuce sati biyu kada ya dawo, ya ce ya ji. Wagih ne zai sauko da gawar da hannunsa. In ya miƙa ta, zai koma sama ya goyo Hajiya, wadda rabonta da taka matattakalar gidan tun sanyin bara, ya sauko da ita zuwa wurin likita. Ta riga ta ce ba za ta hau bayan kowa ba a gaban maƙwabta. An gaya mata ba shawara ake nema ba.