Wanzamin Da Ya Hana Kansa Tuwo

"Lafiya lau, sai dai cikina da ke kiran sunanki tun daga bakin kasuwa," in ji Ubale, tun Rabi ba ta gama tambayarsa kwanan gida ba. Ya jingine zabirarsa a jikin turmi, ya zube a kan tabarma.

Ubale wanzami ne a Garin Barau, wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, 'yan shekaru bayan yunwar Kakalaba. Rabi 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba tare da ɗaya ya sha zagi ba. Gwauro ne, ba mata, ba gonar kirki, a gidajen mutane yake ci. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, shi ne an yarda da maganarsa. Da yake babu kan da bai aske ba a garin, ya san halin kowa. Shi ya sa da aka tashi zaɓen mai unguwa a shekarun baya, dattawa suka sa shi bin gida gida yana faɗin halin masu nema, kafin a kai suna wurin hakimi. Ya kafa wa kansa ƙa'ida: kowane mai nema alheri biyu, aibi biyu, kuma har a gama ba ya cin abincin gidan da ke da hannu a zancen. Aka gama ba wanda aka fasa wa kai. To bana sai dattawa suka ce tunda abin na hana rigima, a faɗaɗa shi.

"Wa ya kwance ka daga turke, bawan babana?" in ji Rabi.

"Uwar ɗakina, bar zancen turke. Yau kwana uku rabona da tuwo."

"Kai da kake cin gida bakwai kafin azahar? Kai da in ka yi sallama mata ke tura tukunya bayan randa?"

"A da ke nan. Yanzu an ce in faɗi halin masu neman sarkin noma, Dogo da Hussaini. Gida biyu sun tafi. An ce in haɗa da sarkin fawa, mahauta uku, ko 'yar hantar da ake miƙo mini ranar kasuwa ta haramta. Ban gama jimamin hanta ba, aka ce ai ba mutane kaɗai ake zaɓa ba, in bayyana amfani da illar haƙa sabuwar rijiya a gabas ko a yamma."

"Rijiya ba ta tuwo ai."

"Amma duk mai tuwo yana da inda yake so a haƙa ta. Sannan ga kasuwa, a bar ta Alhamis ko a mai da ta Litinin saboda masu zuwa Maigatari. Rabi, babu gidan da ya rage. Jiya Fadimatu matar Cindo ta miƙo mini nono a bakin ruga, har na kai hannu, sai ta ce, 'Wanzam, rijiya dai gabas ta fi kusa da burtali.' Na mai da hannuna aljihu, na yi mata godiya."

"To me kake ci?"

"Aduwa, a bayan gari. Ita kaɗai ce ba ta neman sarauta."

Rabi ta yi dariya har ta dafa turmi. "Wane maƙiyinka ne ya ɗora maka wannan ƙa'ida?"

"Ga shi zaune a gabanki. Kuma ina ƙoshe na yi ta. Mai unguwa sai a shekara goma ba a zaɓa ba, masu nema biyu ne, kuma duka biyun matansu ba su iya miya ba. Na yi ta yawo ina hura hanci, ana cewa Ubale ba ya cin na kowa. Ashe ba kirki ne da ni ba, miya ce ba daɗi."

"Ai ni na daɗe da sani. Tun muna yara kake sayar da sirrina a kan ƙanzo."

"Ƙanzonki ma? Wanda ya karya wa kakarmu haƙori?"

"Shi ka lashe har tukunya ta yi ƙyalli. To yau me ya kawo ka?"

"Na zauna na duba garin nan kaf. Mijinki ya tafi fatauci Damagaram, bai san ana zancen rijiya ba. Ke kuma ba wanda zai ba ki ko sarautar kaji. Na ce alhamdu lillahi, rashin arzikin 'yar kawuna ya yi mini rana."

Rabi ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da akushi, ta buɗe a gabansa. Tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu na narkewa a kai. Ubale ya wanke hannu da sauri kamar mai gudun kada a fasa, ya yi bisimilla, ya yanko loma.

"Ci a hankali," in ji ta, "tuwon korama ne."

Korama ita ce shugabar mata masu awon hatsi a kasuwa. Hannun Ubale ya tsaya tsakanin akushi da baki.

"Wace korama?"

"Ni. Tsohuwar ta ce ƙafa ta gaza. Ni da Murja maƙwabciyata muke nema. Gobe dattawa za su ƙara maka da mu."

"Gobe kika ce. Yau ba a gaya mini ba."

"To ci."

"Kuma ke ba dattijo ba ce. Abin da na ji daga bakinki kamar ban ji ba ne."

"Na ce ka ci."

"Ban da haka, ni ɗan mace ne, ke 'yar namiji. Tuwon gidanki hakkina ne, tun kafin a san da wata ƙa'ida."

"Wa ya riƙe maka hannu?"

Babu wanda ya riƙe. Kuma gaskiya ya so ci, so na haƙiƙa, har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya san in lomar nan ta wuce, duk abin da ya faɗa a kan rijiya da kasuwa da mahauta ya tashi a banza, a koma cewa wanzami na mai man shanu ne. Tsoron wannan ya fi yunwar ƙarfi, da kaɗan. Ya mai da lomar gefen akushi, ya goge yatsunsa a tabarma don kada ya lasa.

"Allah ya isa tsakanina da Ubalen shekarun baya," ya ce.

"To tunda ba za ka ci ba, faɗa mini nawa in ji."

Ya gyara zama, ya kau da kai daga akushin. "Rabi 'yar Ilu. Shekarar Kakalaba ba ta rufe rumbunta ba. Kuma da hanci take gane tsohon hatsi, ba a cusa mata mai ƙwari."

"Ashe kana da hankali."

"In tana saye, tana tare bakin mudu da hannu har ya yi tozo. In tana sayarwa, babban yatsanta yana ciki. Sannan ba ta barin mutum ya kai ƙarshen..."

"Ƙarya kake, ɗan mace, yaushe na taɓa katse..."

"Kin gani."

Aibi na biyun bai dame ta ba, duk gari an san shi. Na farkon ne ya soke ta, don ta ɗauka ita kaɗai ta sani.

"Wannan na yatsa," ta ce a hankali, "dole ne ka kai shi gida gida?"

"Dole."

"Ko da man shanu?"

"Ko da shi. Amma ki ɗauke shi daga gabana, don in ya ƙara narkewa ban san abin da zan ce ba."

Ta dube shi, ga wuya ya rame. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta ɗaga murya ta kan danga. "Murja, kina kusa?"

"Tun daga aduwa nake jin ku," in ji Murja.

"Kawo tuwo malmala ɗaya. Daidai da tawa, kada ki yi mini wayo."

Murja ta shigo da nata akushin, aka jera su, matan suka duba girma, Rabi ta ɗan rage nata man shanun. Ta ce, "In ya ci na ɗaya, an saye shi. In ya ci na mu biyun, gwauro muka ciyar don Allah."

Ubale ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Kwana uku ina tsotsar aduwa, wannan dabara ba ta zo mini ba."

"Kawunan mutane kake askewa, ba ka taɓa leƙa naka ba," in ji Rabi.

"Ni fa, me za ka ce a kaina?" in ji Murja.

"Sai na gama, Murja. In na faɗa yanzu za ki tafi da akushinki."

Ya yanko daga dama, ya yanko daga hagu. Rabi ta tura masa ƙwaryar ruwa, ta zauna a bakin turmi tana kallonsa.

"Ci, bawan babana, ka yi galaba a kaina yau. Gobe ka faɗi na yatsan yadda yake, kada ka rage. Gara in rasa korama da a wayi gari babu wanda za a tambaya a garin nan."

Ubale ya so ya mayar mata da baƙar magana, kamar yadda aka saba. Amma bakinsa a cike yake.