Angon Ƙarni Babu Jariri

Na manta shekarar da haƙorina na farko ya faɗi, na manta sunan Baturen dabbobin da ya ɗauke ni aiki, amma ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a Shagari ba. Ko na so mantawa, mutanen garinmu Bodinga ba za su bari ba.

Zamanin Turawa ne, ina malamin hujin shanu a En'e, wato hukumar gargajiya. (Malami dai a baki. Aji uku na yi a elementare, aka ga hannuna ya fi kaina ƙarfi, aka miƙa mini igiya da allura.) Sai dai ina da baiwa guda: in na dubi saniya sau ɗaya, na shafa kwiɓinta, zan faɗa maka ko tana da ciki. Fulanin Kajiji har sallama suke yi mini a kan haka. Wannan yabo shi ya kai ni ya baro.

Matata Kulu a lokacin ta haura arba'in, rabonta da goyo ya fi shekara goma. Sai na ga ta sauya. Ana tsakiyar sanyi, kowa na neman bakin murhu, ita kuwa zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta jiƙe da gumi, ta hau fifita. Wani duhu-duhu ya fito mata a kumatu. Fatar hannunta ta bushe kamar ƙasar fadama da rani. Abu kaɗan ta yi fushi, abu kaɗan ta yi hawaye. Ga wani ɗan madubi da ta saya wurin 'yan koli, in ta ji motsina sai ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ana haka 'yarmu Balki, wadda ke aure a Shagari, cikinta ya tsufa. Haihuwa ta uku ce, don haka a ɗakinta za ta yi jego, mu ne za mu je suna. Tun daga nan Kulu ta tsiri aike. In za ni Kajiji, in taho da man shanu sabon kaɗi. Ranar kasuwa, man kaɗanya da kurkum da zuma. Kowace hantsi takan kwaɓa dusar gero da nono ta murje fuska, ta wanke da ganyen magarya, ta bi da mai. Ta hana kanta shiga rana, har tallar fura ta bari.

Mai hankali zai tambaya. Ni kuwa mai ilimi ne, sai na zauna nazari. Na lura wata uku cur Kulu ba ta yi fashin salla ba. Na haɗa da gumin, da duhun kumatun, da fushin, da man kaɗanyar da na san mata kan shafa wa ciki don kada ya tsage. Na ce to, ai ko saniya ce an gama magana. Ɓoyon da take yi kuwa na ɗauka kunya ce, ta haihu tare da 'yarta. (Ka ji likita. Ko sau ɗaya ban ce mata “lafiya?” ba.) Na sayi ɗan rago na ba wani Bafulatani a Kajiji ya kiwata mini a asirce, na riƙa tafiya ina murɗa gashin baki, wai ni tsoho mai sauran ƙarfi.

Ranar suna muka isa Shagari da sassafe. Gaskiya Kulu ta yi kyau. Fuskar nan ta yi sumul tana sheƙi, ga lalle, ga kwalli, ga zanen saƙi da ta daɗe tana ajiya. Daga waje ina jin mata na ce mata ai sun zaci yayar mai jego ce. Na ji dariyarta, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Mu maza muna kan tabarmi a ƙofar gida. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro, maroƙi ya miƙe yana shelar kyautar kowa. Da Allah ya so ni da rahama, da na shaƙe da goron nan. Ina! Na yafuto maroƙin, na danna masa goro biyar farare, na raɗa masa magana a kunne. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa shanu nawa ya taɓa dubawa?

Ya gyara murya, murya kuwa irin wadda ake ji har bakin kasuwa.

“Jama'a, a saurara! Kakan jaririya ya ce kowa shi gyara jakinai! Wata shida masu zuwa suna na Bodinga! Kakar jaririya ma tana tahe da nata!”

Maza suka ɗauki kabbara da shewa, wani ya riƙe hannuna yana jinjina mini. Surukina mijin Balki ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. A cikin gida kuwa, bayan zana, wata ta fara guɗa, sai guɗar ta yanke a tsakiya, kamar an toshe mata baki. Daga nan dariya ta ɓarke.

Ba a jima ba Yaya Tumba, yayar Kulu, wadda ita ce ungozomar unguwarsu, ta fito bakin zaure da mayafi a kafaɗa. Ba ta kira ni gefe ba. A gaban liman da surukai ta tambaye ni wa ya gaya mini. Na miƙe tsaye, na shiga jero hujjoji da yatsu, har da na fashin salla. (Allah ya yafe mini, a gaban liman.) Ta bari na gama tsaf.

“Malam mai huji, ƙanwata saniya ta? Girma na yaz zo mata. Jinin na ɗaukewa, kamar yadda nau yaɗ ɗauke, kamar yadda na uwarka yaɗ ɗauke. Da ka tambaye ta da ka ji.”

Liman ya shiga tari. Maroƙin ya sulale da gorona. Ni kuwa na tsaya da yatsu biyar a sama, na rasa inda zan sa su.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, tana kan jaki ina ja. Ta ja mayafi ta rufe fuskar nan da ta sha wahala a kanta. Na yi ta jiran faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi, faɗan bai zo ba. Sai da muka hango Bodinga ta yi magana, a hankali.

“Malam, kwana arba'in ina gyaran fuska don kada matan Shagari su ƙirga shekaruna. Kai kuma ka ba maroƙi goro ya ƙirga musu.”

Wannan ta fi ta Yaya Tumba zafi. Sai a lokacin na gane abin da madubin nan yake yi a ƙarƙashin tabarma. Ni ina murnar ƙuruciyata ta dawo, ita tana bankwana da tata ita kaɗai, a ɗaki guda da ni.

Ragon dai ban yanka ba. Na bar wa Bafulatanin, matarsa ta riƙa kawo wa Kulu man shanu duk ranar kasuwa. Ni na koma mai tsinko ganyen magarya, in shanya, in daka da kaina in ba kowa a gida. Wata biyu aka yi kafin ta sake fito da madubin a gabana, ta tambaye ni ko duhun ya ragu. Na buɗe baki zan yi bayani irin na masana, na tuna, na ce ita ta fi ni sani.

Kulu ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta, fuskarta sumul har ƙarshe. Ni kuwa har gobe tsofaffin Bodinga Angon Ƙarni suke kirana, jikar da aka yi wa sunan ma haka take kirana, ba ta san dalili ba. Abin da na koya shi ne, saniya ake dubawa don ba ta da baki. Mace tana da shi, tambaya ake yi.