Ƙoƙuna Uku na Nomau

A ƙauyen Gidan Tsamiya akwai wani bawan Allah mai suna Nomau, yana zaune da tsohuwarsa Inna Tabawa da awaki uku. Ƙato ne mai zuciyar kirki, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Inna kuwa shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe mata idanu.

Wata rana yayarsa Asabe ta zo daga gidan mijinta da labari: likitocin ido za su sauka a birni ranar Alhamis, yini ɗaya tak. Ta san halin ƙanenta, sai ta jera ƙoƙuna uku, ta sa sabulu a ɗaya, harawa a ɗaya, takalmin Inna a ɗaya.

Ta ce, "Litinin wanki. Talata ka ba awaki abincin kwana uku. Laraba tafiya. Kada ka haɗa aikin wata rana da na wata."

Wata rana, Litinin ɗin ke nan, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gogan naka ya yi wankinsa ya shanya a cikin ruwan. Maƙwabcinsu Baba Jatau ya leƙo ta kan danga ya ce, "Nomau, akuyarku na cikin wakena."

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, awaki sai gobe."

Wata rana kuma, Talata, ya jibge wa awaki harawar kwana uku, ya tsaya a kansu sai sun cinye. Da suka ƙoshi suka kau da kai, ya bi su yana lallashi har la'asar. Inna na daga ɗaki tana dariya har da tari.

Wata rana, Larabar da ake jira, mota ba ta shigo ba saboda taɓo. Wasu masu ciwon ido shida na ƙauyen suka yanke shawarar bari sai asubar Alhamis. Nomau ya duba ƙoƙo ya ce, "Yaya ta ce Laraba." Ya sa wa Inna takalmi, ya goya ta, ya kama hanya. Har da masu tafa masa don ba'a. Rafi na iya gwiwa ya ratsa, bai sauke ta ba sai a ƙofar asibiti.

Alhamis rafin ya cika ya batse, ko jaki bai ƙetare ba. Duk Gidan Tsamiya, Inna kaɗai aka yi wa aiki.

Ran Juma'a da aka kwance mata bandeji, fuskar Nomau ta fara gani, duk ta rame. Tausayinsa ya kama ta, ta fashe da kuka.

Nomau ya rikice ya ce, "Inna, Yaya ba ta ajiye ƙoƙon kuka ba."

Ta riƙo hannunsa ta ce, "Bar ni, ɗan albarka. Wannan ranar tawa ce."