Baƙon Sama a Kan Suruki

Wani mai aski ne, irin mutanen nan da bakinsu ya fi hannunsu aiki. Shagon ma ba nasa ba ne. Surukinsa ne ya ba shi, don dai kada 'yarsa ta wahala.

Wata rana ya gani a waya wai masana sun hango wani abu ya shigo daga can bayan taurari, zai gifta kusa da rana ya wuce. Mutum ɗari suka ce dutse ne. Mutum ɗaya ya ce wataƙila jirgin wasu halittu ne. Gogan naka ya rungumi maganar mutum ɗayan nan. Wanda ko soket ɗin shagonsa bai iya gyarawa ba, sai ga shi ya zama malamin sararin samaniya.

Duk wanda ya hau kujera sai ya sha karatu. "Dutse? Ka taɓa ganin dutse ya sha kwana?" Wani direba ya tashi da rabin gashin baki. Wani tela ya fita da kumfa a kunne, ko waiwaye bai yi ba. Kafin mako biyu, ƙuda kaɗai ke shiga shagon, shi ma ba ya daɗewa.

Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Maigida, an kai ƙararka wurin Baba. Gobe zai zo aski da kansa kafin ya je ɗaukar hoton fasfo. Ya ce in ka ɓata, mai wanki zai ba shagon. Don Allah ka haɗiye jirgin nan naka na rabin awa."

"Ke, ni yaro ne? Ko tari ba zan yi ba."

Da safe tsohon ya iso. Sanƙo ya riga ya cinye tsakiyar kansa, saura furfura zagaye da gefe, ita kuwa yana ji da ita kamar gonar gado. Ya zauna, ya cire tabarau, madubi ya koma masa dishi-dishi.

"Rage kaɗan. Kaɗan na ce."

"To, Baba."

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji, ya datse leɓe. Minti biyar yana ta aski, gumi har haɓa. Ga sanƙo a gabansa, hasken ƙwan lantarki ya doke shi, zagayayye, sai ƙyalli yake.

Can tsohon ya ce, "Wai kai, kan wani dutse ne ka kori mutane?"

"Baba... ba dutse ba ne."

"An ce dutse ne."

"Bari in nuna maka, sau ɗaya tak. Ga rana nan." Ya ƙwanƙwasa sanƙo da yatsa. "In dutse ne, haka zai zo." Ya ɗora inji a bayan kunnen hagu, zuuu, ya miƙe da shi har ƙeya.

"Ɗan nan, ina jin iska inda ban saba ji ba."

"Fanka ce, Baba. To shi wannan kuwa, daga nan ya ɓullo." Ya kama daga ƙeya, ya kewaya sanƙon ta dama, ya sha kwana. "Yana zuwa nan sai ya ƙara gudu, ba wanda ya tura shi." Inji ya gangaro goshi, ya yi awon gaba da rabin gira.

Furfura ta zubo a cinyar tsohon. Ya shafa ta. Ya lalubi tabarau ya saka. Ya daɗe yana kallon madubi: hanya biyu a kansa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya, ga gira ɗaya da rabi.

Mai aski ya leƙo ta kafaɗarsa. "Miƙaƙƙiyar ta dutse ce, Baba. Ɗayar ce ta jirgin."

Tsohon ya kwance ƙyallen a hankali, ya ninke shi.

"Abin nan, in ya wuce, yaushe zai dawo?"

Fuskar mai aski ta washe. Yau ya sami ɗalibi. "Ai Baba, abin mamakin ke nan. In ya fita, ya fita ke nan. Har abada ba ya dawowa."

"To ajiye makulli ka bi shi."